Yaya zan san ɗan koyo ya iya aiki kafin in sa masa hannu?

Tambayar ta fito ne daga wata babbar mai harhaɗa magunguna a wani asibiti da ke wajen Agege, a Legas. Ta ce: "Assalamu alaikum. An damƙa min matasa shida da suka zo shekararsu ta sanin makamar aiki a famasinmu. Duk ƙarshen wata sukan kawo littafin aikinsu in sa hannu, amma zuciyata ba ta kwanta ba, don ban san wanda ya iya ma'amala da majinyaci da wanda bai iya ba. Na ji ana cewa akwai hanyar auna su a bakin aiki, a yi musu tsokaci, su ma su yi waiwaye a rubuce. Yaya ake yin wannan a wurin da layi ba ya yankewa?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Damuwar nan taki tana kan hanya. Littafin aiki yana gaya miki inda yaro ya zauna da tsawon zamansa: makonni kaza a tagar masu karɓar magani su tafi gida, makonni kaza a sito, makonni kaza a ɗakin kwanciya. Ba zai gaya miki ko ya taɓa tambayar wata mata tana da ciki kafin ya miƙa mata magani ba. Ki ci gaba da cika duk abin da PCN, hukumar da ke kula da aikin harhaɗa magunguna a Najeriya, ta shar'anta, wannan ba a taɓa shi. Abin da zan zayyana ƙari ne a kai, kuma gaba ɗayansa ya tsaya ne a kan ki ga aikin da idonki, a ɗan gajeren lokaci, sau da yawa, sannan ki faɗi takamaiman abin da kika gani.

A 1990 wani malamin koyar da likitanci a Amurka, George Miller, ya kasa ƙwarewa hawa huɗu: mutum ya sani, ya san yadda ake yi, ya iya nunawa idan an ce ya nuna, sannan na ƙarshe abin da yake yi a zahiri ranar da ba jarrabawa. Jarrabawar makaranta, da duk wadda ake zama a amsa tambayoyi kamar PEP da PCN ke yi kafin cikakkiyar rajista, suna auna hawa biyun ƙasa. Jarrabawar oski, inda ake kawo majinyacin kwaikwayo, tana auna na uku. Hawa na huɗu kuwa babu mai iya ganinsa sai wanda ke tsaye kusa da taga ranar Laraba da rana, wato ke da sauran manyan famasin. Yaron da ya fita da sakamako mai kyau daga jami'a yana iya zama wanda ba ya ɗaga kai ya kalli majinyaci, kuma takardarsa ba za ta taɓa tona hakan ba.

Babban makamin shi ne gajeren kallo, wanda a takardu ake rubutawa Mini-CEX. Hukumar likitocin cututtukan cikin jiki ta Amurka ce ta fito da shi a shekarun 1990, daga baya masu harhaɗa magunguna, musamman a Ingila, suka daidaita shi da aikinsu. Ki tsaya ki kalli ɗan koyo da majinyaci na gaske tsawon minti goma zuwa sha biyar, ki yi masa tsokaci na minti biyar zuwa goma nan take. Kafin a fara ku amince a kan abin da za a duba yau, misali karɓar tarihin magunguna ko bayanin yadda za a sha. A nemi izinin majinyaci da harshen da yake ji: "Baba, aikin yaron nan nake dubawa, ka yarda in tsaya?" Ki tsaya ta gefe, ɗan bayan ɗan koyon, inda majinyaci ba zai riƙa juyo da tambayarsa gare ki ba, domin da zarar ya gane ke ce babba zai bar yaron ya koma kanki. Kada ki sa baki. Wannan shi ne mafi wuya ga duk wanda ya daɗe a aiki. Idan kuwa kika ga kuskuren zai kai ga majinyaci, ki shiga a hankali, ki ce "bari in ƙara duba takardar nan," ki gyara, a bar maganar sai an keɓe.

Mu ɗauki misali mu dube shi da kyau. Wata uwa ta kawo yaro mai nauyin kilo 17, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, likita ya rubuta Coartem da ruwan farasitamol. Ga abin da idonki zai bi. Ya nemi nauyin yaron, ko da shekaru ya yi aiki? Ƙwayar Coartem, mai miligiram 20 na atemeta da 120 na lumefantirin, ana ba da ita ne bisa nauyi: ƙwaya ɗaya daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15, biyu daga 15 zuwa ƙasa da 25, uku daga 25 zuwa ƙasa da 35, huɗu daga 35 zuwa sama. Yaron nan biyu-biyu zai sha, sau shida, ƙwaya 12 ke nan. Ya faɗa mata cewa sha na biyu bayan awa takwas ne da na farko, sannan safe da yamma a kwana biyun da suka rage? Yawancin 'yan koyo "biyu da safe biyu da yamma" kawai suke cewa. Ya ce a ba shi da madara ko abinci mai maiƙo? Lumefantirin ba ya shiga jini sosai a cikin da babu maiƙo, kuma shi ne ke share ragowar ƙwayar cutar, don haka yaron da ya sha shi da ruwa zalla zazzaɓin na iya dawo masa. Ya ce idan ya yi amai cikin awa ɗaya a maimaita, ta kuma dawo ta karɓi cikon abin da ya ragu? Farasitamol kuma miligiram 15 ne a kowane kilo, kusan 250 ke nan, wato mil 10 na ruwan da ke da 125 a mil 5. Idan ya ce "cokali biyu" ya yi shiru, cokalin da ke gidanta wanne ne, na shayi ko na cin shinkafa? Kamata ya yi ya ɗauko murfin awo ko sirinji ya nuna mata layin da yatsa.

Sai abin da ya fi duka muhimmanci a nan Legas, wato ya tabbatar ta fahimta. Mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 suna da kara. Mace za ta ce "to" sau biyar alhali ba ta ji rabin Turancin ko burokan da aka yi mata ba, don ba ta son ta zama mai gardama, ga kuma mutum talatin a bayanta suna tsaki. "Kin gane?" ba ta gwada komai, amsarta "e" ce kullum. Abin da ake so ya ce shi ne: "Idan kin koma gida yaya za ki ba shi? Faɗa min in ji ko na yi bayani daidai." Idan ɗan koyon ba ya jin Hausa, ko Bahaushe ne shi majinyacin Yarbanci kawai yake ji, yadda ya nemi tafinta ma abin aunawa ne. Kiran mai gadi ko wani daga layi ya fassara bayanin maganin zazzaɓi da sauƙi. Yin haka a kan maganin ƙanjamau ko na tsarin iyali tona asiri ne, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta riƙe sirrin majinyaci. Ki duba kuma ko ya tambayi abin da ake sha a gida, jiƙo da tsimi da agbo da ƙwayoyin da ake saya a hannun masu talla, ta yadda mutum ba zai ji kunyar faɗa ba. "Kana shan na gargajiya?" cikin ɗaure fuska amsarta "a'a". "Kafin ka zo, me ka ɗan gwada a gida?" ita ke buɗe baki.

Yanzu tsokaci, kuma a nan ne tsarin yake rayuwa ko ya mutu. Kada a ɗauka duk gyara alheri ne. Kluger da DeNisi sun tattara bincike sama da ɗari a 1996 suka gano cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokuta tsokaci rage ƙwazo ya yi, musamman idan ya karkata ga mutumin ya bar aikin. "Kai ba ka da natsuwa" hukunci ne a kan halinsa, ba abin da zai yi da shi gobe sai ya ji haushi ko ya karaya. "Da ta ce yaron yana amai, ka ci gaba da rubuta lakabin ba ka tambaye ta sau nawa ba" abu ne da ya faru, yana iya tuna shi, yana iya sauya shi. Saboda haka ki riƙe 'yar takarda yayin kallo, ki rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe su bayan minti goma, sai ki koma ga "ka yi ƙoƙari" wanda ba ya amfanar kowa.

A keɓe za a yi, ko da a lungun sito ne. Tsinka yaro a gaban majinyata da masu taimaka wa famasi yana koya masa abu guda, ya ɓoye kuskurensa na gaba, kuma kuskuren da aka ɓoye a famasi shi ne mai kisa. Ki fara da shi: "Yaya ka ga zaman nan? Me ya tafi daidai? Me za ka sauya?" Wannan jeri, ɗan koyo ya fara magana kafin malami, daga ƙa'idojin Pendleton na 1984 ya samo asali. Amfaninsa gare ki babba ne, domin amsarsa na nuna ko yana ganin aikinsa yadda yake. Wanda ya ce "na manta awa takwas ɗin" ya riga ya yi rabin gyaran. Wanda ya ce komai ya tafi daidai bayan ya tsallake abu uku, shi ne za ki sa wa ido. Sai dai kada ki mayar da jerin karatun allo. Yara suna saurin gane cewa yabon farko share fage ne kawai, sai su daina sauraro suna jiran "amma". Idan akwai abu mai haɗari, ki fara da shi kai tsaye. Idan za ki yaba, ki yaba abin da ya yi takamaimai don ya maimaita shi: "Da ka ɗauko sirinji ka nuna mata layin mil 10, na ga fuskarta ta saki."

Gyara ɗaya ko biyu a zama guda. Kin ga bakwai, ki zaɓi wanda ya fi kusa da cutar da majinyaci, sauran su jira. Ki kuma kula da tarbiyyarmu, domin yaron da aka rene shi da girmama na gaba zai sunkuyar da kai ya yi ta cewa "to Ma, na gode Ma," kamar dai yadda uwar nan ta yi masa a taga. Maganin iri ɗaya ne, ya maimaita da bakinsa abin da zai yi dabam, ya rubuta shi da hannunsa a ƙasan fom, a sa rana. "Nan da mako biyu zan sake kallonka da mai karɓar maganin yaro, abin da zan duba shi ne ko ka sa ta maimaita." Tsokacin da ba a dawo an duba ba yakan bi iska, kuma a ganina rashin dawowar nan ne ke kashe tsarin a wurare da yawa, fiye da rashin lokaci.

Game da maki. Fom na asali yana da ma'auni daga 1 zuwa 9, kuma abin da ke faruwa kusan ko'ina shi ne kowa ya samu 6 ko 7, don babu mai son ya zama mugu. Na fi ba ki shawarar ki yi amfani da ma'aunin amana, wanda Olle ten Cate ya gabatar a 2005. Tambayar da yake yi ita ce wadda kike yi wa kanki dama: wannan aikin, har ina zan iya sakar masa? Ya tsaya ya kalla kawai. Ya yi ina tsaye a kansa. Ya yi ina kusa, ya kira ni idan ya buƙata. Ya yi shi kaɗai. Ko har ya iya koya wa na bayansa. Babba yana iya ba da 7 don kara, amma da wuya ya rubuta "a bar shi shi kaɗai a aikin dare" ga wanda bai yarda da shi ba, don ya san a kansa abin zai dawo. A yi wannan ga kowane aiki daban. A wannan ma'aunin amana, mutum na iya kai hawa na huɗu a bayanin maganin hawan jini yana hawa na biyu a lissafin maganin jarirai.

Gajeren kallo yana nuna abin da hannu da baki suka yi. Don ki ga yadda kansa ke aiki, sai tattaunawa a kan fayil. Ya kawo fayil biyu ko uku na majinyatan da ya yi aiki a kansu, ke ki zaɓi ɗaya, ku zauna minti ashirin zuwa talatin. A ce dattijo ne mai shekara 68, kilo 60, mai sayar da albasa, yana shan lisinofiril da maganin sa fitsari don hawan jini, da metfomin 1000 na ciwon suga sau biyu a rana, ga diklofenak da yake saya da kansa saboda ciwon gwiwa, kiriyatinin ɗinsa, wato awon jinin da ke nuna aikin ƙoda, ya fito 2.4. Kada ki tambaye shi ma'anar metfomin, wannan jarrabawa ce. Ki tambaye shi: me ka fara lura da shi, me ya sa? Ya ɗauki biro ya yi lissafin Cockcroft da Gault, mai ƙiyasta ƙarfin tacewar ƙoda, a gabanki: 140 a cire 68 saura 72, sau 60 ya ba da 4320, a raba da 72 sau 2.4, ya fito mil 25 a minti. Ƙasa da 30 ba a ba da metfomin. Haɗuwar lisinofiril da maganin fitsari da diklofenak kuwa sananniyar hanya ce ta durƙusar da ƙoda, musamman ga mai yini a rana yana zufa. Wurin da ake yawan faɗuwa shi ne ma'aunin ɗakin gwaji. Wasu na ba da sakamako da maikuromol, inda 2.4 ɗin nan zai fito kusan 212, kuma wanda ya zuba 212 cikin lissafin miligiram zai samu amsar da ba ta da ma'ana. Idan mace ce a ninka da 0.85. Bayan lissafi sai tambayar da ta fi wuya: me ka yi da abin da ka gano? Wa ka kira, me ka ce masa, a ina ka rubuta? Ɗan koyo da yawa yakan ga matsalar sarai, ya ji nauyin tunkarar likita, ya ba da maganin. Ki sa ya gwada kiran a gabanki, ke ki zama likitan: sunan majinyaci, abin da aka gani da alƙalumansa, shawarar da yake bayarwa, cikin minti ɗaya.

Ki riƙa zaɓo fayilolin da suka dace da mutanen da kuke gani. Kafin azumi, mai ciwon suga da ke shan gilibenkilamid, wanda aikinsa ke daɗewa a jiki har ya faɗar da suga da la'asar, a ga ko ɗan koyon ya san cewa idan awo ya sauka ƙasa da 70 a karya azumi, ya kuma san yadda zai faɗi hakan ga dattijo cikin ladabi. Ko mai shan TLD, maganin ƙanjamau, da aka ɗora wa rifamfisin na tarin tibi, wanda ke buƙatar ƙarin dolutegirabir 50 bayan awa sha biyu.

Ayyukan hannu ba sa buƙatar dogon bayani. Ki rubuta matakan a jere ki tsaya ki duba: haɗa garin amoksisilin da ruwan da aka tafasa ya huce zuwa layin kwalba, nuna yadda ake shaƙar inhela, a girgiza, a fitar da numfashi, a danna ana ja a hankali, a riƙe daƙiƙa goma, cika fom ɗin NAFDAC na illar magani, da rajistar magungunan da ke ƙarƙashin kulle.

Akwai kuma abin da ba za ki taɓa gani ba don kowa yana gyara zama idan oga na kusa. Wannan sai a ji daga abokan aiki. Sau biyu a shekara, misali wata na huɗu da na tara, a ba mutum takwas zuwa sha biyu 'yar takarda ba suna: nas-nas, likitoci, masu taimaka wa famasi, 'yan'uwansa 'yan koyo. Yana zuwa a kan lokaci? Ana iya tunkararsa? Yana amsa kuskure? Ke za ki tattara ki taƙaita masa, kada ki miƙa masa takardun, don a ƙaramin sashe rubutun hannu ma suna ne. Ki tace da hankali. Tsamin da ke tsakanin ƙungiyoyin likitoci da na sauran ma'aikatan lafiya a ƙasar nan, da bambancin ƙabila ko addini, suna iya shiga biro. Ƙorafin mutum ɗaya ki ajiye shi a gefe. Abin da mutum huɗu daga sassa daban suka faɗa, shi ne abin zama a kai.

Waiwaye shi ne ɓangaren da ɗan koyo yake yi da kansa, kuma shi ne aka fi lalatawa. Tsarin Gibbs na 1988 yana da matakai shida, daga bayanin abin da ya faru zuwa shirin abin da za a yi. Ga mai aiki a taga tambaya uku sun wadatar: me ya faru, me ya sa ya faru haka, me zan yi dabam kuma yaushe. Rabin shafi, sau biyu a wata, a kan abu guda da ya tsaya masa a rai. Ki kwatanta waɗannan biyun. Na farko: "Yau na koyi muhimmancin sadarwa da majinyata, zan ƙara ƙoƙari." Na biyu: "Na ga adadin ya yi yawa ga nauyin yarinyar, amma na ba da rabin hankalina ga layin da ya taru, kuma likitan ya taɓa yi min tsawa, sai na ce wataƙila ya san abin da ban sani ba. Babbar famasi ce ta tare shi. Daga yau duk takardar yaro sai na rubuta nauyi da lissafina a bayanta kafin in ɗauko magani." Na biyun ya ambaci tsoro da gaggawa, waɗanda su ne ainihin dalilin, ya kuma fito da abin da za a iya dubawa. Na farkon kowa na iya rubuta shi ba tare da ya zo aiki ba, kuma yanzu da manhajojin waya ke rubuta wa mutum shafi guda cikin daƙiƙa, irinsa zai yawaita. Kada ki ɓata lokaci kina farautar wanda ya kwafa. Ki yi masa tambaya biyu da baki a kan abin da ya rubuta, nan take za ki sani.

Kada ki ba waiwaye maki, kada kuma ki hukunta yaro da abin da ya faɗa a ciki, in ba haka ba daga ranar kin daina samun gaskiya. A cire sunan majinyaci da lambar katinsa da ranar zuwansa, da sunan ma'aikacin da abin ya shafa. A Ingila, shari'ar wata likitar yara da aka soke rajistarta a farkon 2018, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar mata a shekarar, ta jefa ma'aikatan lafiya cikin fargabar cewa za a iya amfani da waiwayensu a kansu, har hukumomin can suka fitar da jagora cewa a rubuta shi ba suna, a mayar da hankali kan darasin. Rahoton kuskure kuwa hanyarsa daban, yana tafiya ta tsarin asibiti ko an yi waiwaye ko ba a yi ba.

Ga lissafin lokaci, tunda shi ne abin da ya fi damunki. Kallo ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, domin ƙwazon mutum yana sauyawa daga majinyaci zuwa majinyaci. Binciken farko na Norcini da abokansa a 1995 ya nuna ana buƙatar kimanin 12 zuwa 14 kafin sakamakon ya zama abin dogaro. Ɗaya a wata ga kowane yaro ya kai ki 12 a shekara. Yara shida sau minti 25, awa biyu da rabi ke nan a wata. Tattaunawar fayil sau ɗaya a wata biyu ta ƙara awa ɗaya da rabi. Awa huɗu a wata, a raba tsakanin manya uku. Kada a sa shi safiyar Litinin, kada kuma a kai shi ƙarfe huɗu lokacin da hankalin kowa ya koma kan gosulon hanyar gida. Tsakanin biyu da uku, bayan layi ya lafa, ya fi. Amma biyu ko uku daga cikin sha biyun a yi su da gangan a tsakiyar cunkoso, don a nan ne ake tsallake matakai. Kuma kada a tara fom shida a cika su rana ɗaya a ƙarshen wata daga ƙwaƙwalwa, wannan littafin aiki ne aka sake wa suna.

Masu kallon ma sai an daidaita su. A kowane sashe akwai mai tsanani da mai sassauci, har a Turance ana kiransu shaho da kurciya, kuma yara suna sanin wanda za su bi. Kowane ɗan koyo ya bi ta hannun mutum uku aƙalla. Kafin a fara, ku manyan ku zauna awa ɗaya, biyu su yi kwaikwayon taga, sauran kowa ya cika fom shi kaɗai, sannan a kwatanta a yi gardama a kan inda aka saɓa.

Wanda ya kasa fa? Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ki zauna da kowannensu duk wata uku da dukan takardunsa a gabanku. Idan matsala ɗaya ta bayyana a kallo uku daga mutum biyu, ki faɗa masa a fili cewa bai kai ba tukuna, ki rubuta, ku tsara mako huɗu zuwa shida na ƙarin kallo a kan wannan abu. Ki bincika dalili kafin ki ce lalaci ne. Yaron da ke tasowa daga Ikorodu ko Sango tun kafin asuba, ko wanda albashinsa ya maƙale wata uku, ko mai rashin lafiya a gida, kuskurensa na iya zama na gajiya. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: famasi wuri ne da taramol da makamantansa ke kusa da hannu, kuma sauyin hali kwatsam tare da giɓi a rajista ba a jiran zaman wata uku a kansa, a kai wa shugaban sashe a ranar. Idan an yi duk wannan bai gyaru ba, kada ki sa hannu a kan abin da ba ki yarda da shi ba. Takardun da kika tara su ne za su kare ki idan aka ce ƙiyayya ce, su kuma kare shi daga hukuncin da ba hujja.

Wurin farawa, Hajiya, ki tara su shidan ki bayyana musu cewa kallon na kowa ne, sannan ki fara da kanki. Ki tsaya a taga ki karɓi majinyaci ɗaya, su riƙe fom su duba ki, ku keɓe su faɗi abin da suka gani, ki karɓa a gabansu. A mako na biyu ki kalli wanda ya fi ƙwazo a cikinsu tukuna, don kada a ɗauka an ƙirƙiro abin ne saboda mai rauni. Fom ɗin kuma kada ya wuce shafi ɗaya: rana, irin majinyaci ba suna, abin da aka duba, abu biyu da suka yi kyau, abu ɗaya na gyara, hawan amana, da ranar da za a sake kallo.